Kwanikar Da Na Yi Da Laifin Da Na Bar Wa 'Yata

Edita, bayan sallama, ina roƙon a sakaya sunana, domin waɗanda abin ya shafa wasu suna raye, wasu kuma ƙasa ta rufe musu ido. A ƙarshen shekarun 1970, lokacin da ake ta maganar sojoji za su miƙa mulki ga farar hula, ni yarinya ce ɗanya shakaf, ina zaune da mijina a wani gidan haya a Gangare cikin garin Jos. Ɗaki ɗaya muke da shi, rumfar girki da rijiya kuwa na kowa da kowa ne. Maigidan direban babbar mota ne, yana kai dankalin Turawa da kayan lambu kudu, in ya tafi sai an gan shi. Mahaifiyata ta rasu tun ina ƙarama, saboda haka surukata ce uwata a garin. Iya muke ce mata, tana zaune a Dutse Uku ita da awakinta. Da za a tambayi matan gidanmu halina a lokacin, cewa za su yi ba su taɓa ganin mai kunya kamata ba, ni kuwa har wani fasa kai nake yi in an faɗa. 'Yata ta fari ban taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba. In tana kuka akwai baƙi, sai in kau da kai kamar ba ni na haife ta ba, har sai wata ta ce haba, ɗauke ta mana. Haka aka koya mana, kuma da haka ake yabon mace.

Yarinyar ba ta daɗe da fara tafiya ba na ji jikina ya canja. Warin manja ya fara tayar mini da zuciya, ga barci ba dare ba rana. Na san ko mene ne, amma na yi ta ƙaryata kaina. A wancan zamanin babu abin kunya ga mace kamar kwanika, wato ta yi ciki tana goyo. Ba wanda zai tambayi namiji, ke za a bi da ido, a ce kin kasa haƙuri, a yi ta yi miki habaici a bakin rijiya. Kuma kowa ya yarda nonon mai ciki guba ne, yaron da ya sha ciki sai ya lalace. Ni dai ina ba ta ina kallon ta, ban ga ta lalace ba, kumatunta kamar an hura. Sanyin Jos ya rufa mini asiri, don kullum ina cikin suwaita da zani biyu, ba mai cewa don me. Haka na ja abin har ciki ya tsufa. Amma Iya ba yarinya ba ce. Ran nan ta shigo ta tarar ina jan ruwa, ta tsaya tana kallon yadda nake dafe ƙugu, sannan muka shiga ɗaki. Ta ce in cire suwaitar. Da ta gani sai ta yi salati ta tafa hannu, ta ce ashe kashe mata jika nake yi a tsaye, tun yaushe yarinya take shan ciki ni ina kallo.

A ranar aka yaye ta. Iya ta aika aka karɓo rubutu wajen malam aka ɗura mata, ta saɓa ta a baya ta kama hanyar Dutse Uku. Yarinyar tana ihu tana miƙo mini hannu, ni kuwa na juya ina gyara jeren kwanuka, ko ƙofar gida ban raka su ba, don kada a ce na nuna son ɗiyar fari. Sai da ƙafa ta ɗauke na kifa kai a kan gado na yi kukana. Ƙirjina ya cika ya yi tauri kamar dutse, zazzaɓi ya rufe ni, ban gaya wa kowa ba. An hana ni zuwa ganin ta, wai in ta gan ni za ta tuna nono. Tambayar lafiyarta kai tsaye kuma rashin kunya ne, sai dai in maigidan ya dawo daga gaida Iya in ce ya ya baro mutanen gidan, ina fatan ya gane wa nake nufi. Shi kuma sai ya ce kowa lafiya, sai dai mutuniyar tana ta rigima ta ƙi kunu. Daga baya na ji baƙon dauro ya shiga unguwarsu, kuma ya kama ta. Har na kai ga ɗaukar gyale zan fita, sai na tuna da cikin da ke gabana da idon mutanen hanya, na mayar da gyalen na zauna.

Da damina ta kankama na haihu, namiji. Maigidan kamar ya zuba ruwa a ƙasa ya sha. Iya ta tattaro kayanta ta dawo ɗakinmu don yi mini wankan jego, ta zo da yarinyar a baya. Da ta sauke ta, wallahi ban gane ta ba. Hannuwanta sun zama kamar kara, ƙafafunta sun kumbura, gashinta ya yi ja yana zubewa, bakinta duk gyambo. Yarinyar da ta bar ɗakin nan da gudunta, yanzu ko tsayuwa ba ta yi, kuka ma ba ta da ƙarfinsa, sai wani ɗan nishi. Kun san abin da na yi? Na gaida Iya, na tambaye ta awaki. Ba zan zalunci Iya ba, ta yi iya ƙoƙarinta. Ba abin da ba ta gwada ba, koko da madarar akuya da gwaten acca, yarinya ta datse baki. Akwai maƙwabciyata a gidan, matar wani malamin firamare, Kirista ce 'yar asalin ƙauyukan nan na kan dutse, tana sayar da kayan miya. Ita ce ta ja ni gefe ta ce da irin Hausarsu, yarinyan nan fa ba zai kai ba, ki ba shi nono mana tunda akwai. Ta ce a ƙauyensu ana haɗa babba da ƙarami, ita kanta tagwaye ta shayar ba abin da ya same su. Na yi 'yar dariya na ce kowa da al'adarsa, mu a wajenmu wanda aka yaye an yaye shi.

Bayan suna, Iya ta ɗauki wani tsari. In ta gama yi mini wankan safe ta dama kunun kanwa, sai ta tafi Dutse Uku duba awakinta, ba ta dawowa sai wajen la'asar ta ɗora ruwan yamma. Wata rana da hantsi ina zaune a ƙasa ina ba jariri, ɗaya nonon yana ta zuba har ya jiƙa mini zani. Yarinyar tana kwance a tabarma. Sai na ga ta ja jiki a hankali, ta ja, ta ja, har ta iso ta ɗora kanta a kan gwiwata. Ba ta yi kuka ba, ba ta kai hannu ba, kallon inda yake ɗiga kawai take yi. Na dubi ƙofa, tsakar gida ba kowa sai kaji. Na miƙa hannu na tura ƙyaure na sa sakata, na ɗago ta na sa mata a baki. Da farko kamar ta manta yadda ake yi, sai can ta kama. Har yau ina jin ƙarar haɗiyarta a kunnena. Ga ƙanin a dama, ga ta a hagu, hawayena yana sauka a kansu duka biyun. Ranar ce na fara riƙe 'yata ba tare da tunanin wa ke kallo ba, kuma ban taɓa jin daɗi da tsoro a haɗe kamar na wannan hantsin ba.

Daga nan abin ya zama kullum. Da Iya ta fita sai sakata. Sannu a hankali kumburin ƙafa ya sauka, gyambon baki ya warke, ta fara karɓar kunu, har ta dafa bango ta miƙe. Iya ta ce rubutun sabon malamin da ta samo ne ya karɓe ta, ta yi ta sa masa albarka, ni kuma ina cewa amin. Amma hankalina bai kwanta ba ko na rana ɗaya. Tun ina yarinya nake ji ana cewa in yayayye ya koma nono ya ɓata shi, kuma duk abin da babba ya zuƙa rabon jariri ya cinye. Na ware mata na hagu na bar masa na dama, ina wankewa da ruwan ɗumi, duk da haka zuciyata ba ta yarda ba. Da yamma in ya yi kukan da duk jarirai ke yi, sai in ce yunwa ce. In na taɓa ƙirjina na ji ya yi laushi, sai in ce shi ke nan ta shanye masa. Ina kama 'yan hannuwansa ina aunawa da yatsa ko ya rame. Na zama ɓarauniya a tsakanin 'ya'yan cikina, in na hana ta ina ganin kashe ta zan yi, in na ba ta ina ganin shi nake kashewa, kuma ba ni da wanda zan tambaya.

Ana cikin haka maigidan ya dawo daga tafiya da tsaraba, gwangwanin madarar gari ta jarirai da bulumboti, wato kwalbar nan mai kan roba. Ya ce a gidan ogansa ya gani, madam da shi take ba 'ya'yanta, ga su nan ɓul-ɓul kamar hoton da ke jikin gwangwanin. Iya ta juya kwalbar ta taɓe baki, ta ce jikanta ba ɗan maraƙi ba ne, uwarsa na da nono har yana zuba, kada ta sake ganin wannan tarkacen. Ya yi dariya ya ɗora su a kan kabad, washegari ya koma hanya. Ni kuwa na ga mafita ta zo har ɗaki. Na ce tunda babbar tana rage masa, bari in cike masa da wannan. Rubutun jikin gwangwanin Turanci ne, ban iya ba, da ido nake aunawa. Tafasa ruwa a rumfar da mata ke cike ba zai yiwu ba, sai an tambaye ni na mene ne, ni da ba a bari in taɓa murhu. Sai in ɗebo na randa, ruwan rijiyar damina da ya yi jaja-jaja, in kaɗa in ba shi. In na ji motsi sai in cusa kwalbar cikin babbar samira ta ƙasan jere, inda Iya ba ta taɓawa, in rufe. Abin da ya rage a ciki ba na zubarwa, shi nake fara ba shi washegari. Wanki kuwa sai dai ɗauraya a gurguje. Nakan ji ɗan tsami-tsami a kan robar, in ce ai haka warin madarar Turawa yake.

Yaro ya saba da roba, ya fara ture nono. Maimakon in gane, sai na ce ka gani ko, nonon ya ɓaci har shi ma ya ji. Na ƙara masa kwalba, na sakar wa yayarsa nonon duka. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ba a jima ba ya fara gudawa, tun ana canja tsumma har aka gaji. Iya ta ce zafin nono ne, ta haɗa mini jiƙo na sha. Abin ya ƙi. Amai ya biyo baya, idanunsa suka faɗa, tsakiyar kansa ta lotsa. Aka kira ungozoma ta ce maɗiga ce ta faɗa, ta kwaɓa magani ta shafe masa kai. Ni duk wannan lokacin ko sau ɗaya zuciyata ba ta zargi kwalbar ba, nonona nake zargi. Ko da Iya ta zagaya bayi, sai in yi wuf in ciro samira in ɗura masa, ina ganin taimakonsa nake yi. Da jikin ya tsananta Iya ta daina zuwa wajen awakinta, ta zauna daram a ɗaki. Sakata ta ƙare. Yarinyar da ta saba kullum da hantsi ta shiga bi na tana ƙananan koke-koke, ina ture ta da ƙafa.

Asirina ya tonu ne a gaban mutane. Mata sun cika ɗaki sun zo duba jariri, har da dangin Iya. Yarinyar ta ratso su da 'yar tafiyarta, ta hau cinyata, ta cusa hannu cikin rigata, ta ce nono, tar da bakinta, ita da ko Iya ba ta gama iya faɗa ba. Wata ta yi ƙoƙarin mayar da abin wasa, ta ce kishin ƙani ne. Amma Iya ta lura da yadda hannun ya san hanya. Ta jawo ta, ta dube ta, sannan ta dube ni. Na sunkuyar da kai. Ban taɓa ganin Iya tana kuka ba sai ranar. Ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi. Cewa ta yi ashe ga ciwon nan a ɗaki suna ta neman sa a waje, yayayya ta koma nono ta ɓata shi, ta shanye na ƙaninta ta bar masa guba. Matan suka ɗauki salati. Babu wanda ya ambaci kwalba, domin ba wanda ya san ina ba shi da ita sai ni da Allah. Tana nan cikin samira a bayan Iya, da ta miƙa hannu za ta taɓa ta. Na buɗe baki zan faɗa, sai na ce a raina kunya ɗaya ta ishe ni yau, na rufe bakina.

Maƙwabciyar nan tawa ce ta kutso kai ta ce Mama a bar magana tukuna, yaro yana tafiya, a kai shi asibiti. Ba ta jira amsa ba ta fita ta taro tasi. A asibiti wata nas mai ɗan shekaru ta karɓe shi, ta ja fatar cikinsa ta saki, fatar ta tsaya ba ta koma ba. Ta tambayi me yake sha. Iya ta kwashe labarin yayarsa ta faɗa. Nas ta girgiza kai ta ce wannan ba ya kawo haka, ko ana ba shi wani abu ban da nono, ko kwalba? Ina kallon idon Iya na ce a'a. Aka sa masa ƙarin ruwa ta jijiyar kai. Da Iya ta fita alwalar azahar, nas ɗin ta dawo ta zauna kusa da ni, ta ce 'yata, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na gaya mata komai, har da samira. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce nono kamar rijiya yake, gwargwadon ja gwargwadon ɓuɓɓuga, uwa in tana cin abinci za ta iya shayar da biyu, a dai fara ba ƙaramin ya ƙoshi. Ta ce bakin yayarsa bai ɓata komai ba, hasali ma nonon ne ya tashe ta. Dattin kwalba da ɗanyen ruwa da kwantan madara su suka shiga cikinsa. Ta ce da an kawo shi da wuri, sai kuma ta yi shiru. Washegari kafin la'asar Allah ya karɓi abinsa.

Da muka dawo gida, abin da na fara yi kafin a fara shigowa gaisuwa shi ne na naɗe kwalbar da gwangwanin a zani na jefa su a masai. Maigidan bai iso ba sai bayan an binne. Bai taɓa tambayar tsarabarsa ba, ni kuma na ce wa kaina ai tausayinsa nake ji, shi ya sayo, in ya sani ba zai yafe wa kansa ba. Ƙarya nake yi, kaina nake karewa. Labari ya zauna a yadda Iya ta faɗe shi. Aka sake yaye yarinyar, wannan karon da maɗaci, kuma da yake ta yi ƙwari sai ta kama abinci ta rayu. Iya tana son ta kamar ranta, kusan rabin tasowarta a Dutse Uku ta yi. Amma kun san wasan kaka da jika. In yarinya ta kai hannu kwano sai Iya ta ce a'a, ɓarauniyar nono, ke da kika shanye na ƙaninki har ya bar miki duniyar, yanzu kuma tuwona za ki ƙwace? A yi dariya. Matan gida suka ɗauka, yara ma suka ɗauka. Ina ji ina gani, ban taɓa cewa a daina ba, wai uwa ba ta tare wa ɗiyar fari. Na haifi wasu bayan nan, duk na shayar da su lafiya, kwalba ba ta sake shiga ɗakina ba. Ita kuwa ta taso shiru-shiru, ba ta sa hannu a abinci sai ƙannenta sun ƙoshi, namanta ma su take miƙa wa. Mutane suna yabon haƙurinta, ni ma ina taya su.

Shekaru suka tafi. Iya ta rasu, maigidan ma ya bi ta. 'Yar tawa tana aure a Kwararafa, har ta aurar da tata 'yar. Bara wata Juma'a na biya ta gidanta na tarar tana suyar masa a tsakar gida, yaran unguwa sun yi layi. Tun tana budurwa take wannan sadakar, ban taɓa tambaya ba. Ranar dai tsokana ta zo mini, na ce wai wannan wace irin sadaka ce da ba ta ƙarewa, ko wani babban zunubi ake kankarewa ba mu sani ba? Ba ta ɗago ba, tana juya masa a tanda ta ce ta ƙaninta ce. Ta ce tun tana makarantar allo ta san ita ce ta shanye masa nono har ya mutu, kuma tunda ba ta da hanyar neman gafararsa, shi ne take yi masa wannan ko Allah zai sa ya yafe mata. Ta ce duk ɗan da ta haifa, in ta sa masa nono a baki sai ta tuna. Ta faɗe shi ne kamar mai ba da labarin kasuwa, ba kuka ba komai, domin a wurinta tsohon zance ne da kowa ya sani.

Na zauna a kan turmi. Ni duk zatona wasa ne ya wuce da yarinta. Na sa aka sallami yaran, na gaya mata komai, tun daga suwaita har masai. Na ce mata ba ta kashe kowa ba, yarinya ce mai jin yunwa uwarta ta ba ta, kuma ni ce na kaɗa da hannuna abin da ya tafi da shi. Tana tsaye da tsinken juyi a hannu har masar ta ƙone, hayaƙi ya tashi, ba ta motsa ba. Can ta yi mini tambaya ɗaya. Ta ce, Umma, me ya hana ki faɗa tun Iya tana da rai? Ta ce ita ba don mutane ba, amma ta so a ce Iya ta sani kafin ta mutu. Na roƙe ta gafara, ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ta sauke tanda ta shige ɗaki. Ta daɗe ba ta tako gidana ba, kuma ban ga laifinta ba.

Abin da ya sa na rubuto ke nan. Mutuwar ɗana na yarda kwanansa ne ya ƙare, kuma jahilci ya yi nasa rabon, don ban ba shi kwalbar nan da nufin cuta ba. Amma shirun da na yi bayan nas ta faɗa mini gaskiya, wannan ba jahilci ba ne, da sanina na yi. Na zaɓi a ci gaba da ce mini mai kunya, na bar 'yar da ko magana ba ta gama iyawa ba ta ɗauki gawar ƙaninta a ka har ta yi furfura. 'Yan'uwana mata, in Allah ya ba ki ciki kina goyo, ba zina kika yi ba, kada ki ɓoye. Ki je asibiti ki tambaya, ki faɗi duk abin da kike ba yaro, ko surukarki na zaune. In za ki shayar da biyu ki yi shi a fili, ki ci ki ƙoshi, ki fara da ƙaramin. Duk abin da sai kin sa sakata kafin ki ba jariri, ki tsaya ki tambayi wanda ya sani. Ku kuma kakanni da gwaggonni, ku san irin wasan da za ku yi da yaro, domin ku kuna dariya ku tashi, shi kuwa da maganar yake kwana. Kunya ado ce, ban ce a yar da ita ba, amma tawa ɗa ta ci mini, ta kuma cinye wa 'yata ƙuruciya.

Da 'yar tawa ta huce ta zo gaishe ni, ta zo da tandar a cikin buhu ta ajiye a ƙofar ɗakina. Har yau ana suyar masa duk Juma'a, sai dai yanzu a gidana ake yi, kuma ni ce nake tsugunne a gaban wutar.